Ina zan yi numfashi? Abin da na koya daga Lorenzo Da Ponte

A shekarata ta uku da fara rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, wata dattijuwa cikin 'yan wasanmu da muke kira Hajiya ta ajiye takardata a kan tebur, ta zare tabarau. Tun bayan azahar muke ɗakin ɗaukar murya, fitowa ɗaya an maimaita ta sau huɗu. Jawabi ne na rubuta mata na uwa mai yi wa ɗanta faɗa, layi goma sha bakwai ba tsayawa, kuma a raina ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, magana ta yi kyau. Amma ina zan yi numfashi?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Mai shirya wasan ya ɗauki jan biro ya soke fiye da rabi, aka ɗauka sau ɗaya aka wuce. Na koma gida ina cin rai, ina cewa an yanka mini rubutu yankan rago, ga shi ko sunana ba kullum ake karantawa a ƙarshen shiri ba.

A lokacin ina karatun yamma a fannin wasan kwaikwayo. Makonni kaɗan bayan haka malaminmu na tarihin wasa ya ba mu aiki: mu ɗauki wasan Bafaranshen nan Beaumarchais, Auren Figaro, mu jera shi da operar da mai tsara kiɗa Mozart ya yi daga gare shi, wato wasan da ake rerawa da kiɗa maimakon magana, mu faɗi abin da ya canza. Ni har ranar na ɗauka mai tsara kiɗa shi ke yin komai a opera. Ashe akwai wani dabam da ke rubuta labarin da baitocin da ake rerawa, ɗan littafin da Italiyawa ke kira libretto. Na Figaro, Lorenzo Da Ponte ne ya rubuta.

Mutumin ya sha duniya. An haife shi a 1749 a Ceneda, cikin ƙasar Venis, a gidan Yahudawa, da sunan Emanuele Conegliano. Mahaifinsa majemi ne. Da mahaifin ya so ƙara aure bayan rasuwar matarsa, sai ya shiga ɗariƙar Katolika tare da 'ya'yansa uku, babban ya ɗauki sunan bishop ɗin da ya yi musu baftisma. Ya zama limamin coci a 1773, amma halinsa bai dace da rigar ba, har hukumar Venis ta kore shi a 1779 na tsawon shekara 15 saboda sha'anin mata. Yawo ya kai shi Viyana, inda Sarki Joseph na Biyu ya naɗa shi marubucin gidan operar Italiyanci a 1783. Aikinsa na farko da mai tsara kiɗa Salieri, a 1784, ya faɗi warwas. Shekara biyu bayan haka, ranar 1 ga Mayu 1786, aka fara nuna Figaro.

Na shimfiɗa fassarorin biyu a kan tabarma, ɗaya dama ɗaya hagu, na fara daga shafin farko. A wasan Beaumarchais, Figaro, baran wani mai sarauta, yana auna ɗakin da aka ba shi da amaryarsa, ya faɗi tsawo da faɗi a jimla guda, ƙafa 19 da 26, ya wuce. Da Ponte ya warware wannan jimla ya mayar da ita ƙirge: biyar, goma, ashirin, talatin, talatin da shida, arba'in da uku. Kowace lamba ita kaɗai, da rata a bayanta. A cikin ratar nan kiɗa ke tafiya, kuma a gefe amaryar, Susanna, na gwada hularta tana cewa ya juyo ya kalla. Na saurari wurin sau da yawa a waya. Mutum biyu, kowa da abin da ya dame shi, ba wanda ke sauraron wani, kuma kafin minti uku ka san su. Da na dubi kalmomin kaɗai a takarda, sai na ga kamar ba a rubuta komai ba. Nan maganar Hajiya ta faɗo mini.

Shi kansa Da Ponte ya faɗa a gabatarwar ɗan littafin cewa ba fassara ya yi ba, tsame abin da ya dace ya yi. Wasan mai kashi biyar ya koma huɗu, mutane 16 suka koma 11. Dalili kuwa a fili yake: kalmar da za a furta cikin daƙiƙa ɗaya, idan aka rera ta tana iya cin goma, a kuma maimaita ta. Marubucin da ya cika shafi ya toshe wa mai kiɗa hanya ke nan. Mozart ya rubuta wa mahaifinsa a 1781 cewa a opera dole waƙa ta zama 'ya mai biyayya ga kiɗa. Da na fara karanta wannan na ji haushi a madadin duk marubutan duniya. Daga baya na lura biyayyar da Da Ponte ya yi irin ta magini ce, wanda ya san inda zai bar ƙofa da taga. Ƙarshen kashi na biyu na Figaro ya kai kusan minti 20 ana rerawa ba yankewa. Ya fara da mutum biyu, mai sarautar da matarsa suna rigima a bakin ƙofar da aka kulle, mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sabuwar matsala, ga mai lambu ya zo da ƙorafin wani ya diro ta taga ya tattake masa fure, har suka kai bakwai. Kiɗan na Mozart ne, amma wanda ya tsara wa zai shigo, yaushe, da wace ƙarya a bakinsa, Da Ponte ne.

Akwai yankan da ya fi ba ni wahalar yarda. Sarki ya hana a nuna wasan Beaumarchais a dandalin Viyana, saboda yadda bara ke gaya wa ubangidansa magana. A kashi na biyar Figaro na da dogon jawabi, inda yake cewa mai sarauta bai yi komai ba sai wahalar zuwa duniya. Da Ponte ya cire shi, ya sa waƙar da Figaro ke kukan yaudarar mata a madadinsa. A takardar da na miƙa wa malam na kira wannan tsoro. Malam ya rubuta a gefe: "Koma ka saurari kashi na farko." Na koma. Can Figaro, shi kaɗai a ɗaki, yana cewa in ƙaramin mai gida na son rawa, shi zai kaɗa masa. Baiti kaɗan ne, a kan kiɗan rawa irin ta fada, kuma raini ya cika shi fal. A ƙarshe kuma mai sarautar ne ke neman gafarar matarsa a gaban barorinsa. Har yanzu ina ganin an yi asarar jawabin, don jawabi ne na gaske. Sai dai da ya bar shi, da ba a ga operar ba sam, kuma duk wanda ya taɓa rubuta wa gidan rediyon gwamnati ya san wannan lissafin ba sai an koya masa ba.

A Don Giovanni, wata operar da suka yi da Mozart a kan wani mayaudarin mata, wadda aka fara nunawa a Prag ranar 29 ga Oktoba 1787, na ga wata dabara da na sata kai tsaye. Maimakon a tsaya ana bayyana lalacewar mutumin, sai baransa ya buɗe littafi ya karanta wa matar da aka yaudara lissafi: 640 a Italiya, 231 a Jamus, 100 a Faransa, 91 a Turkiyya, a Sifaniya kuwa 1003. Ukun nan da ke kan dubu ita ce gwanintar. Dubu cif ƙari ne irin na hira, dubu da uku kuwa akwai wanda ya zauna ya ƙirga. Ba Da Ponte ne ya ƙago labarin ba, ya ɗora ne a kan libretton da Giovanni Bertati ya rubuta a farkon shekarar, kuma bai ji kunyar haka ba.

A tarihin rayuwarsa ya ce a wannan shekara ayyuka uku ya haɗa lokaci guda: da dare ya rubuta wa Mozart, da safe wani mai kiɗan, Martín y Soler, da yamma Salieri. Mutum ne mai son kuranta kansa, don haka ina rage wa labarinsa gishiri, amma ayyukan uku duk sun fito. Abin da na ɗauka a nan shi ne ya san kowane mai kiɗa da irin abin da bakinsa ke iya ɗauka. Ni kuwa shekara uku ina rubuta wa 'yan wasa goma da murya ɗaya, tawa.

Sunansa kuma? Bayan Così fan tutte, operarsa ta ƙarshe da Mozart, a Janairun 1790, Sarki Joseph ya rasu, sabon sarki ya sallame shi. Ya yi shekaru a Landan, bashi ya kore shi zuwa Amurka a 1805. Mutumin da ya rubuta Figaro ya buɗe shagon kayan masarufi a New Jersey, ya yi fatauci a Pennsylvania, sannan ya koma koyar da Italiyanci a New York, har ya zama farfesan Italiyanci na farko a Kwalejin Columbia a 1825. A 1826 ya zauna cikin 'yan kallo a New York aka nuna Don Giovanni, yana ɗan shekara 77. A 1833 ya tara kuɗi aka gina gidan opera a birnin, bai daɗe ba ya durƙushe. Ya rasu a 1838 yana da shekara 89. Yau a allon talla sunan Mozart ake rubutawa da manyan baƙaƙe, nasa a ƙasa, in an tuna. Ban ce wannan ya daina yi mini ciwo ba, a kansa ko a kaina.

Abin da ya canza shi ne yadda nake aiki. Yanzu kafin in miƙa rubutu sai na karanta shi da ƙarfi ina tafiya a tsakar gida, duk inda numfashina ya ɗauke na sa alama. Ina rubuta sunan ɗan wasan a saman shafi, ba sunan wanda zai fito a matsayinsa kaɗai ba, don in riƙa jin muryarsa. A zango na gaba na sake rubuta wa Hajiya fitowar uwa da ɗa. Layi huɗu ne, sai na bar wuri na rubuta a cikin baka biyu: shiru, ƙarar tsintsiya. Ta karanta, ta ɗaga kai ta ce, "Ɗana, wannan karon ka yi rowa." Muka shiga, aka kunna jar fitila, ta faɗi layi uku, ta yi shirun da ya fi wanda na rubuta tsawo. Mai ɗaukar murya ya ɗago yana duba ko na'ura ce ta tsaya.