Wanda ya gamu da marigayi sau ɗaya: darussa daga haɗa shirin tunawa

Idan marubuci ko ɗan rediyo ya rasu a Maradi, kafin sadakar uku gidajen rediyo sun cika da yabo. Abokan aiki za su zo su ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, ba ya faɗa da kowa. Duk gaskiya ne, Allah ya jiƙansa, amma da za a cire sunan a sa na wani mamacin ba wanda zai gane. Abin da aikin haɗa irin wannan shiri ya koya mana shi ne, kamannin mutum na ainihi sun fi fitowa daga bakin wanda ya gamu da shi sau ɗaya tak: mai shayin da ke ƙofar gidan rediyo, ɗan kabu-kabun da ya taɓa kai shi unguwar Ali Ɗan Sofo, matar da suka zauna kujera ɗaya a motar Yamai. Aboki ya gan shi sau dubu, ganin ya cakuɗe. Wanda ya gan shi sau ɗaya kuwa yana riƙe da launin rigar da ya sa.

Lokaci shi ne abu na farko. A nemi waɗannan mutane tsakanin sadakar bakwai da ta arba'in. Bayan nan sun saurari yabon rediyo har ya shiga bakinsu, sai su riƙa maimaita shi suna zaton nasu ne. Matan marigayi kuma a bar su su fita takaba, wata 4 da kwana 10. Kai musu makirfo cikin wannan hali rashin ta-ido ne, kuma abin da za a samu kuka ne kawai.

Wajen tambaya ne aka fi yin ɓarna. Kada a ce, "Baba, wane irin mutum ne marigayi?" Amsar a shirye take, kuma ba tasa ba ce. A ce, "Baba, a ina kuka haɗu? Da safe ne ko da yamma? Me ke hannunsa?" Daga nan a yi shiru. Shirun daƙiƙa 5 yana da nauyi ga mai tambaya, amma a cikinsa ne tsoho zai ce, "Af, na tuna, wata ƴar takarda ya ciro daga aljihu ya rubuta karin maganar da na yi, ya ce in sake faɗa." Wannan jimla ɗaya ta nuna marubuci yana bakin aikinsa, ta fi minti 10 na yabo. Kada kuma a ɗauki mutum biyu tare, ko a yi hirar a fada ana shan shayi: ƙarami zai bi bakin babba, labari biyu su koma ɗaya.

Na'ura ba sai mai tsada ba, waya ta isa. A rufe layinta kada kira ya yanke hira, a riƙe ta kamar santimita 20 daga baki, a kashe fanka, a shiga ɗaki mai labule ko tabarma maimakon zaure mai amsa kuwwa. A farkon ɗauka mai magana ya faɗi sunansa, unguwarsa da cewa ya yarda a watsa.

Sai tantancewa. Mai labarin haɗuwa ba ya ƙarya da gangan, amma shekara tana zame masa. A ɗaure ta da abin da ba ya mantuwa: kafin babban taron ƙasa na 1991 ne ko bayansa? Lokacin Muryar Sahel ce kaɗai, ko an riga an buɗe masu zaman kansu irin su Anfani? Idan ya danganta wa marigayi wata magana, a ce "in ji wane", kada a sa ta a bakin mamaci kai tsaye. Ba shi da halin musantawa, hakkinsa na wuyan mai shirin.

Muryar marigayi kuwa galibi tana cikin kaset a wani kwali, ta sha zafin bazara mai wuce digiri 40 da ƙurar hunturu. Kada a jefa ta cikin rikoda haka nan. A fara ɓalle ƴan haƙoran da ke samanta don kada a goge ta da kuskure, a duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko ya faɗi, a juya zaren da biro a ji ko ya manne. A goge kan rikoda da robar da ke jan zare da auduga da alkol, domin robar mai datti ce ke cin kaset. Kaset samfurin C-90 minti 45 ne kowane gefe, a kwafe shi duka a zama ɗaya, a ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti. Awa ɗaya ta murya tana cin kusan megabait 350. Tura shi ta WhatsApp a matsayin saƙon murya yana matse sautin, abin da ya zube ba ya dawowa. A yi kwafi 3: ɗaya ga iyali, ɗaya ga gidan rediyo, ɗaya a miƙa wa ma'adana irin ta CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, a Yamai. Kaset ɗin asali a mayar wa masu shi, da suna da kwanan wata a jikin kwalinsa.