Shinkafarmu a buhun wasu

Sana'ata turara shinkafa da casarta. Ina da ƙaramin wurin aiki a gefen garin Argungu, da injin casa, da injin cire tsakuwa, da filin shanya da muka shafe da siminti, sai matan da ke yi mana turarawa, waɗanda wasunsu sun girme ni a sana'ar nesa ba kusa ba. Samfarera, wato shinkafar da ba a cashe ba, muke saya daga manoman fadamarmu da na Augie da Suru, wani lokaci har Yawuri, mu gyara ta mu zuba a buhu mai ɗauke da sunanmu. Wadda ta taɓa dafa shinkafarmu ta san ba a zaman tsince ta. A wanke sau ɗaya, a zuba a tukunya.

Da alfahari nake faɗin haka, domin kafin shinkafa ta kai wannan matsayi sai mutum ya tsallake ƙarairayi kala-kala, kuma ta farko tun wurin sayen samfarera take jiranka. Za a kawo maka buhu an ɗinke shi tsaf. Ka kwance baki ka ga tsaba doguwa, cikakkiya, ka yi ciniki ka biya. Sai ka zazzage a gida ka tarar cikin buhun fanko ne da ƙasa da wani gajeren iri da aka cakuɗa. Wani kuma tun dare zai yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi a sikeli. Wannan ya fi kowanne muni, saboda jiƙaƙƙiyar samfarera idan ta kwana biyu a jibge sai ta ɗauki zafi, ta yi fumfuna, ƙwayar ta rine ta koma ruwan ɗorawa, kuma babu injin da zai dawo mata da haskenta. Manoman kirki ba sa yin haka, su ne ma suka fi yawa. Galibi aikin masu saye a ƙauye su kawo kasuwa ne, waɗanda rantsuwa ke bakinsu tun ba ka tambaye su komai ba.

A wurin Baffana na koyi sayen kaya. Ina yaro nake bin sa kasuwar Jega da ta Kamba ina riƙe masa igiya da buhuna. Shi ba ya duba bakin buhu sam. Ƙarfen nan mai rami yake cokawa a gindi da tsakiya, ya tara tafin hannu, ya murza ƙwayoyin har ɓawon ya fita, ya kai ɗaya baki ya ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta dame a haƙori sai ya kakkaɓe hannu ya yi gaba, bai ce wa mai kaya uffan ba. Idan yana da shakka sai ya sa a kwance buhun ya tura hannu har gwiwa, don danshi da ɗumi a can ciki suke ɓuya. Yakan ce mini, "Ɗana, bakin buhu na mai kaya ne, gindinsa shi ne naka." Sau da yawa kuma yakan tuna wa abokan kasuwancinsa hadisin nan da kowa ya sani, na lokacin da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa mai albarka cikin tarin ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

Turarawa kuwa a gaban Inna na gan ta, kuma a nan ainihin gwanintar take. Mutane suna zaton inji ne ke sa shinkafa ta yi kyau, alhali inji abin da aka ba shi yake fitarwa. Inna da wanki take farawa. A zuba samfarera a babban baho a motsa, fanko ya taso sama a kwashe, yashi ya kwanta a ƙasa, a yi ta canza ruwa har ya fito garau. Sannan a jiƙa ta da ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, a rufe ta kwana. Masu ganda da ruwan sanyi suke jiƙawa su bar ta kwana uku ko huɗu, kuma daga nan warin nan yake zuwa wanda ya sa wasu 'yan birni suka tsani shinkafar gida. Da asuba a tsame, a sake ɗauraye ta, a ɗora a wuta da ɗan ruwa kaɗan a gindin tukunya. Tururi ake so ya ratsa ta, ba a so ta dahu. Inna ba ta da agogo. Za ta ɗaga buhun da ta rufe tukunyar da shi, ta duba ko ɓawon ya fara tsagewa, ta shaƙi ƙamshin, ta ce, "Ku sauke, ta yi." Yanzu mun sa wa tukwanenmu faranti mai huji-huji a ciki don kada ta ƙasa ta taɓa ruwa ta yi baƙi, amma lokacin saukewa har gobe ido da hancin matan nan ne ke yanke shi.

Daga nan sai shanya. Idan ka baje ta a rana mai ƙuna ka bar ta ta bushe gaba ɗaya, ƙwayar za ta tsattsage daga ciki, ba za ka gani ba sai ta shiga inji ta fito a kakkarye. Mu rabin bushewa muke ba ta a rana, ana juya ta da katako, sannan a tattara ta inuwa ta huce ta ƙarasa a hankali. Ba ma shanya a bakin kwalta ko a ƙasa. Tsakuwar da ke fasa wa mutane haƙori a can take shiga, da kuma wurin sussuka in manomi bai shimfiɗa tamfol ba.

Bayan duk wannan wahala, kilo 100 na samfarera mai kyau abin da take bayarwa bai wuce kilo 65 na tsaba ko kusa da haka ba, sauran ɓuntu ne da dusa. Saboda haka in aka kawo maka buhu da arahar da ta fi ƙarfin hankali, to a wani wuri aka rage. Ko an tauye awo, ko an cika ciki da karyayya, ko tsohuwa ce da ta daɗe a sito aka sake gogewa aka shafa mata mai don ta yi ƙyalli. Kullum sai an zo mini da zancen nan: "Alhaji, ga ta can an bar mini ƙasa da haka." Nakan ce, "Hajiya, ki fara ɗora ta a sikeli, ki kuma zazzage ta a tabarma, sai ki dawo mu yi magana." Buhun da aka rubuta wa kilo 50 sai a tarar ya gaza da biyu ko uku. Masu awo da kwano kuma akwai waɗanda suka buga gindinsa ya shige ciki, ga kuma kwanon saye daban, na sayarwa daban.

Amma wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ƙaryar buhu. Kowa ya san yadda sunan Kebbi ya tashi a harkar shinkafa. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. A Disamban 2016 aka fara sayar da Lake Rice a Legas, wadda haɗin gwiwa ce tsakanin jiharmu da tasu. A 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu, ga Labana kuma a Birnin Kebbi. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, shinkafar da ake shigowa da ita ta Kwatano ta yi wuya, sai muka ce lokacinmu ya zo, yau 'yar gida za ta ci sunanta.

A lokacin ne wasu baƙin 'yan kasuwa suka fara zuwa suna neman doguwa, mai haske, marar tsakuwa, amma da sharaɗi: a zuba musu a farin buhun da ba rubutu. Ɗayansu bai ma ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, kayanka ya yi, amma in aka ga sunan Argungu a jiki ba za a biya kuɗinsa ba. Mu muna da buhunan Tailan da na Indiya, a ciki za mu juye." Na ce masa ya je ya nemi wani. Har tsofaffin buhunan 'yar waje sai da suka zama haja ana bin gida-gida ana saye. Ku duba ɓarnar da wannan ke yi. Duk shinkafar da muka wahala muka gyara ta yi kyau, matar gida a Abuja ko Ibadan za ta dafa ta ce ai shinkafar waje daban ce. Wadda aka shanya a kwalta mai wari da tsakuwa ita kaɗai ake bari da sunan 'yar Hausa. Kamar ka raini ɗa ne, ranar da ya zama abin kirki a ce na maƙwabcinka ne. An sake buɗe iyakoki a Disamban 2020, amma wannan ɗabi'a ba ta tafi ba.

Lokacin zaɓe kuma wani salon ne. 'Yan kwangila za su zo da ƙananan buhuna masu hoton ɗan takara, an rubuta kilo 5 a jiki, su ce a zuba huɗu, rabi ma karyayya. Wani da na nuna masa rashin dacewar hakan cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai ba Yallaɓai zai ci ba, rabawa za a yi." Wato an yi wa wanda ya ba da kuɗin ƙarya, an kuma yi wa tsohuwar da za ta wuni a layi cikin rana don ta karɓa. Wannan tsohuwa ba ta da bambanci da Innata, kuma injina ba zai casa mata abin da ni ba zan kai gidana ba.

Yanzu abin ya juyo kanmu ta wata fuska. Da sunanmu ya fara shiga kunne, sai ga buhuna a kasuwa masu launi irin namu da rubutu kusan irin namu, ciki kuwa tarkace. Wata tsohuwar abokiyar cinikinmu ta zo rai a ɓace da kwano cike da tsakuwar da ta tsince, ta ce, "Alhaji, kai ma ka fara?" Da na duba ɗinkin buhun na nuna mata da hannu aka yi shi, namu kuwa na inji ne. Tun daga nan muke sa 'yar takarda a cikin kowane buhu mai ɗauke da irin shinkafar, Jamila ce ko Faro 44, da ranar da aka cashe ta. Ba ma haɗa iri biyu a buhu ɗaya, don kowanne da yadda yake shan ruwa a tukunya. Karyayyar da muka tace daban muke sayar da ita da sunanta, masu masa da kunu suna nemanta sosai.

Mai son saye da yawa ya zo da kansa ko ya turo wanda ya yarda da shi. Sikeli na nan a bakin ƙofa, ƙarfen coka buhu yana rataye kusa da shi, ya zaɓi duk buhun da ya ga dama a cikin jerin. Muna karɓar aikin casa na manoma ma, kuma mai kaya yana iya tsayawa a gaban inji har a gama, ya kwashi ɓuntunsa da dusarsa ya tafi da su.