D1555 uku na binne kafin in gane sanyin safiya ne

Jama'a, akwatin talabijin na Baba ya tashi. Yau kwana huɗu ke nan ina kunna shi bayan sallar asuba, kuma bai sake cin tiransisto ba. Sai yanzu na yarda in buɗe baki, don makon jiya ma na yi murna, murnar ta koma ciki.

Talabijin ne ɗan Japan mai launi, inci 20, jikin katako, irin na shekarun 1980 mai maɓallan tasha a jere. Ya fi shekara ashirin a sito. Shara da goge-goge ba su ba ni wahala ba, in ban da gidan zanzaro biyu da na fasa a bayan lasifika. Na sake dalmar ƙafafun flaybak, wato tiransifomar da ke samar wa kwalbar hoto babbar wuta, na sauya babban kafasiton wuta. Tiransiston layi na asali, wanda ke tura flaybak ɗin, a ƙone na same shi, ƙafafunsa sun haɗe ta ciki, sai na sa mai lamba D1555 kamar yadda kowa ke yi. Da la'asar na kunna, siririn kukan nan na 15,625Hz ya tashi, gashin hannuna ya miƙe da na kai shi kusa da gilashi, hoto ya cika allo. Na ɗauki awon B+, wato wutar da ke ciyar da tiransiston layin, 111V, a jikin bodi kuwa 110 aka rubuta. Ya yi awa uku lafiya lau.

Washegari da safe na danna maɓalli. Ƙit, sai tik-tik-tik daga wajen wuta. D1555 ya haɗe ƙafa uku.

Na ce jabu ne, kuma ba laifina in zargi haka, kun san halin kasuwa yanzu. Na canza shago, na sayi wani a ₦1,500, na sa da rana, ya yi aiki har dare. Da safe ya bi ɗan'uwansa. A na uku na sauya kafasiton nan mai 1,600V da ke kan kwalekta, ɗaya daga ƙafafun tiransiston, ina tunanin ko ƙarfinsa ya ragu yana barin bugun flaybak ya wuce kima. Na sake dalmar ƙaramar tiransifomar direba, na shafa sabon man sanyaya. Wannan ya kwana biyu, shi ne murnar da nake faɗa. A safiya ta uku, ranar da hazo ya sauko sosai, ya tafi. ₦4,500 a tiransisto kaɗai, ban da kuɗin adaidaita. Wallahi a ranar na mayar da murfin baya har na ɗaure kusa biyu, na ce ya koma sito.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya karkato da ni. Na zayyana masa komai, yana ta hura ƙura daga wata tsohuwar kaset, bai ko ɗago ba. Sai ya ce, "Yaro, ƙarfe nawa kake awon naka?" Na ce da la'asar, Baba. Ya ce, "Shi kuma ƙarfe nawa yake mutuwa?" Daga nan bai ƙara ba.

Na dawo na cire tiransiston gaba ɗaya, na rataya ƙwan fitila 60W a kan B+ a madadin kaya, wato ya ja wuta a maimakon tiransiston. Neman ƙwan ma aiki ne. Shago biyar na shiga, kowa LED yake miƙo mini, LED kuwa ba ya jan wutar da za ta zama kaya. A wajen mai kajin gidan gona na samu, cikin waɗanda yake ɗumama 'yan tsaki da su. Na bar akwatin ya kwana a tsakar gida cikin hunturu, na jona mita mai allura, don na dijital kafin ya gama tunani abin ya wuce.

Ƙarfe shida na kunna. Allura ta harba ta wuce 150V, ƙwan ya yi fari fat, sannan ta riƙa saukowa a hankali. Kafin minti biyar ta zauna a 112 kamar ba ita ba. Ashe duk awon da nake yi, awon mara lafiya ne bayan zazzaɓi ya sauka.

Lissafin a fili yake. Bugun da ke dawowa kan kwalekta ya kai ninki tara ko kusa da haka na B+. A 110V, wajen dubu ɗaya ke nan, D1555 kuma iyakarsa 1,500V, akwai sarari. A 150 ka matso bakin iyaka, ga ƙarin zafi, ga shi ba kowane na kasuwa ne ke kai abin da aka rubuta a takardarsa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma wutar kwalba ce, wadda ita ma tana hawa tare da B+. Ni kuwa ina tsugune da fuskata a gaban gilashi kowace safiya.

Mai laifin ɗan ƙaramin kafasito ne, 47µF 50V, a ɓangaren farko na wuta, manne da ƙarfen sanyaya inda ya sha gashi shekara da shekaru. Bai kumbura ba, bai yi yoyo ba. Mitana ya nuna 41µF, shi ya sa tun farko na mayar da shi wurinsa. Ruwan cikinsa ne ya bushe, ESR ɗinsa, wato turjiyar da yake yi wa wuta daga ciki, ya hau, kuma irin wannan ciwo a sanyi yake tsananta, yana sauƙi idan jiki ya ɗumama. Ba ni da mitan ESR, sai na gwada ta hanyar talaka: washegari da asuba na kara bakin ayan ɗin dalma kusa da shi ya ɗumama kafin in kunna. Allura ko 120 ba ta kai ba. Na sa sabo mai 105°C na ₦150. Ɗari da hamsin! Yanzu a sanyi 110, a zafi 110.

Kwalbar ta ba ni mamaki. Ja ya ɗan yi rauni, fuskoki na ɗaukar kore-kore a mintunan farko, amma ba zan taɓa ta da wutar farfaɗowa ba tukuna, na fi so ta yi ta aiki ko za ta warware da kanta. Umma ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo, ta ce a kan wannan tebur ɗin yake a da, ba wancan ba. Na matsar da shi.

Sauran murya. Akwatin ba shi da AV, wato ramukan jona hoto da murya kai tsaye, don haka ta cikin wata tsohuwar bidiyo 'yar Ingila nake tura masa hoton dikoda a UHF. Hoto tas, lasifika kuwa sai shuuu. Tsarin aika muryarsu ne ya bambanta: bidiyon tsarin I ce, muryarta a 6.0MHz, akwatin kuma B/G ne mai jiran 5.5. Ko in sauya tacen murya a cikin akwatin, ko in nemi modileta, na'urar da za ta tura hoto da murya a madadin bidiyon, mai zaɓin B/G. Hannuna ya fi karkata ga na biyu, don bodin nan ya sha ayan ya isa haka.