Wa Ya Ɗora Dutsen? Kwana Biyu a Zariya da Ɗan Ƙanwata

Ranar Alhamis da sassafe na shiga mota a Unguwa Uku, da niyyar in kai wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Samaru saƙon mahaifiyarsa, in kwana ɗaya in juyo. Mun wuce Kura, direba ya sha mai a Kwanar Dangora, kafin rana ta take muna Kwangila. Nan na tarar da shi yana jirana.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya zaro waya. "Kawu, kai da kake son tarihi, wa ya gina dalar Masar?" Na ce Misirawa. Ya girgiza kai, ya kunna mini wani bidiyo a YouTube. Maganar da ke ciki ba sabuwa ba ce a wurina. Tun 1968 wani marubuci ɗan ƙasar Suwizalan ya yaɗa ta, wai wasu halittu ne daga wata duniya suka sauko a zamanin da, suka koya wa mutane gini da lissafi, mutane kuma suka ɗauke su alloli. Abin da ya dame ni shi ne yadda yaron ya riƙe maganar hannu biyu-biyu, alhali yaro ne mai kaifin basira.

Na ce masa mu bar gardama a kan gilashin waya, mu je inda ƙafa za ta taka.

Bayan la'asar muka ɗauki keke napep zuwa Wusasa, muka ƙarasa gindin Dutsen Kufena a ƙafa. Hawan ya fi yadda ido ke nunawa daga ƙasa. Da muka kai wani fale muka zauna, gari ya shimfiɗu a gabanmu, gonaki kore shar, iska na kaɗawa. Can gefe akwai wani ƙaton dutse zaune a kan wani, kamar an ɗora shi da gangan. Yaron ya nuna shi da murna. "To Kawu, wannan fa?" Wani dattijo da ke kiwon awaki kusa da mu ya riga ni amsawa: "Samari, ai wannan aikin Samudawa ne."

Na daɗe ina juya wannan amsar. Tsoho ya ce Samudawa, jika ya ce baƙi daga sama, amma duk hanya ɗaya suka bi: abu ya fi ƙarfin tunaninka, sai ka miƙa shi ga wanda ba ka taɓa gani ba. Na ce wa dattijon, "Baba, Samudawan da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Fajri, masu sassaƙa duwatsu a kwari, ai mutane ne, mutanen Annabi Salihu, kuma a ƙasar Larabawa suka zauna." Ya yi murmushi ya ce haka ya ji a wurin magabata. Shi kuwa dutsen, babu wanda ya ɗora shi. Ruwa ne ke bin tsagogin dutse shekaru aru-aru, yana cin gefe da gefe, ƙasa ta zaizaye, abin da ya rage ya tsaya a kan ɗan'uwansa. Aikin ɗan Adam a Kufena ba ya sama, yana ƙarƙashin ƙafa. Na duƙa na tsinci tsingaro, na sa masa a tafin hannu. Da zane a jikinsa, irin wanda mai ginin tukunya ke yi tun yumɓu na ɗanye. Wata mata ce ta yi shi, ta ɗebi ruwa da shi, ya fashe. Ya juya shi sau biyu, bai ce komai ba.

Da dare a teburin mai shayi ya dawo da ƙarfinsa. Ya ce dala mai tsayin mita 146, duwatsu sama da miliyan biyu, shekara 4,500 da suka wuce, babu injin ɗaga kaya, ta yaya? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. A 1990 aka gano kaburburan ma'aikatan a nan Giza, kusa da aikinsu. An tono unguwar da suka zauna, da wuraren gasa burodi, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da suka ci. A 2013 kuma, a Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, aka samu rubutattun takardu na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Kullum yana rubuta abin da ayarinsa suka yi: yau sun loda farin dutse a Tura, gobe sun bi Kogin Nilu da jirgi sun kai Giza, jibi sun koma. Littafin ɗan kwangila ke nan, ba wani abu ba.

Sai ya koma kan allunan laka na tsohuwar ƙasar Iraƙi, wai sun ce Anunnaki sun sauko daga sama. Na ce sunan abubuwan bautarsu ne, a cikin labaran addininsu. Idan bayan shekara dubu uku wani ya tsinci tatsuniyar da Gizo ya hau sama, ya ce Hausawa sun mallaki kumbo, ka yarda? Mai shayi ya tuntsire da dariya, yaron ma ya dara.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi na faɗa masa a ƙarshe, kuma na ji muryata ta sauya. Me ya sa ba a cika cewa baƙin sama ne suka gina manyan majami'un Faransa ba? Sai gini ya zama na Afirka ko na Kudancin Amurka ake neman wani mai shi. A 1871 Bajamushe Karl Mauch ya ga ganuwar dutse ta Babbar Zimbabuwe, ya danganta ta da Sarauniyar Saba, har sai da Gertrude Caton-Thompson, wata Baturiya mai binciken kayan tarihi, ta yi tono a 1929 ta tabbatar cewa 'yan ƙasa ne suka gina abinsu. A 1910 wani Bajamushen, Leo Frobenius, ya ga gumakan kawunan mutane na garin Ife, ya ce ragowar Atlantis ne, birnin almara da ake cewa teku ta haɗiye. Jiya Bature ya ce wani farin mutum ne ya yi mana, yau an ce halittar sama ce. Riga aka sauya, rainin yana nan. Kuma ga gumakan Nok nan a jiharmu ta Kaduna, da aka fara tsinta a 1928, sun haura shekara 2,000.

Washegari muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina ta zube a wurare da yawa, wani wurin ma an yi gida a kanta, kuma wannan ya sosa mini zuciya. Na ja shi bakin wani kududdufi na ce ya duba. Ƙasar da ta tashi ta zama gini, daga irin wannan ramin ta fito. Birni na laka ba ya iya ɓoye asalinsa: ga tudun, ga ramin da ya haife shi. Tsakaninsu kuwa kwando ne da kai, da gayya, da makaɗa suna zuga masu aiki.

Mun yi sallar Juma'a a masallacin fada. Da jama'a suka ragu muka samu ganin tsohon ginin, wanda Malam Mika'ilu Babban Gwani ya yi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, yanzu kuma sabon gini ya lulluɓe shi. Ban iya kwatanta abin da na ji ba da na ɗaga kai. Ginshiƙai masu kauri, bakan gizo na tashi daga jikinsu suna haɗuwa a sama, duk an yi su da ƙasa da azara. Yaron ya tsaya baki buɗe.

Wani tsohon magini da muka zauna kusa da shi a waje ya ce ana faɗin cewa da dare Babban Gwani ke aiki, har wasu na cewa aljannu ke taya shi. Ɗan ƙanwata ya gyara zama. Sai tsohon ya ce, "Amma ni dai abin da na gada shi zan faɗa muku." Ya kwatanta da hannu yadda ake tsaga giginya a fitar da azara, wadda gara ba ta cika ci ba. Ana kafa ta a jikin gini ta ɗan karkato, a ɗaure, a shafe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara karkatowa. Haka daga wannan gefe, haka daga wancan, gaɓa-gaɓa, har su sadu a tsakiya. Wanda ya yi gaggawa, in ji shi, ginin zai faɗo masa a ka. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mana kanta.

Yaron ya tambaye shi kwana nawa ake jira tsakanin gaɓa da gaɓa. Tsohon ya ce sai an duba rana da iska, rani ba ɗaya yake da hunturu ba. Ya sake tambaya, ya sake, har sai da na tuna masa dare zai yi mini a hanya.

A Kwangila, ina shirin shiga mota, ya ce, "Kawu, na Masar na ji, amma manyan zane-zanen nan na Nazca da ke shimfiɗe a doron ƙasa a Peru ba mu gama ba." Na ce ya samo igiya da turaku kafin in dawo, mu nemi fili a bayan Samaru mu gwada zana irinsu. Ya ce to. Da ya sa hannu a aljihu zai ba mai ɗaukar kaya kuɗi, tsingaron nan na Kufena ne ya fara fitowa.