Kada Ku Jira Sai Kun Canza Mota

Motar da nake hawa Peugeot 504 ce, daga cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarar 1975, kuma gadonta na yi daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Na shafe shekaru ina kallonta a matsayin abin wucin gadi da zan lallaɓa kafin Allah Ya hore mini 'yar Kwatano, kuma wannan kallon shi ne tushen kuskuren da nake so ƙannena masu tasowa su guje masa, musamman waɗanda suka fara ajiye iyali da ƙaramin albashi.

Duk wanda ya ƙudurta a ransa zai rabu da abu, ba ya son kashe masa ko sisi. Lagireton motar ya daɗe yana yoyo, bakanikena kuma ya sha ce mini, "Malam, ka kawo a wanke shi a liƙe, a canza tiyon nan kafin ya ba ka kunya a hanya." Amsata kullum ita ce kwana nawa ya rage mata a hannuna. Maimakon gyara, sai na ajiye jarkar ruwa a but, ina ɗurawa duk inda na tsaya. Baƙin mai ma sai ya wuce lokacinsa da watanni kafin in juye.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, wannan magana ta "sai na canza mota" ta bi ni har cikin gida. Ranar da ɗana na fari ya kai azuminsa na farko, mahaifiyarsa ce ta dafa masa ƙwai ta yi masa barka, ni kuwa ina can ina lissafin adashi. Haƙorin farko na ƙanwarsa da ranar da ta fara takawa duk a bakin uwargida na ji su. Idan yara suka roƙi a kai su Tiga su ga ruwa, sai in ce su bari sabuwar mota ta zo. Gaskiyar magana kunyar motar nake ji, har ta kai idan na je ɗaurin aure nakan ajiye ta a bayan layi in ƙarasa da ƙafa. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, darajar naira ta faɗi, kuɗin da na tara ya koma bai isa rabin motar da nake hange ba.

Ranar da na gane kurena wata Laraba ce. 'Yata ta kai Sabbi, wato ta cika izu na farko cikin sittin, an kuma shirya kai sadakar waina makarantar allo bayan la'asar, na yi mata alkawarin da hannuna zan kai. Na taso daga Zariya, ina wuce Kwanar Dangora na ga allurar zafi tana hawa, amma na ce bari in ƙara gaba kaɗan. Kafin in shiga Kura tururi ya turnuƙe gaban motar. Cikin gaggawa na buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwa ya yi tsartuwa ya ƙone mini wuyan hannu, tabon yana nan har yau. Da aka zaro sandar awon mai, sai ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, alamar gasket ya ƙone ruwa ya haɗu da mai. Gyaran ya ci ninkin ba ninkin abin da liƙin lagireto zai ci.

Sai bayan isha'i na isa gida. Na tarar da yarinyar ta yi barci da allonta a gefe, domin ta hana a wanke rubutun sai Baba ya gani, ga kuma waina biyu da ta rage mini a kwano an rufe da faifai.

Saboda haka, wanda Allah Ya ba tsohuwar mota ya riƙe ta riƙon wadda zai daɗe da ita. Ya duba ruwa da baƙin mai da safe tun inji yana da sanyi, ya rubuta ranar da ya juye mai a ɗan littafi, ya kuma karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan allura ta fara hawa ya sauka gefen titi ya kashe inji, kada ya taɓa murfin sai ya huce. A gida kuma kada ya raina ƙananan ranaku, domin tsiren da mutum ya shigo da shi da kansa a daren da yaro ya ci jarrabawa ya fi wa yaron daɗi a kan ragon da aka ce za a yanka wata rana.

Har yanzu 504 ɗin ce a ƙofar gidana, an saka mata sabon lagireto daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A cikinta muka je Tiga, ba mu tsaya a hanya ba sai don sayen rake. Da yarinyar ta kai Amma, wato izu na biyu, ni na ɗauki wainar zuwa makaranta, tana zaune a kujerar gaba da allonta a cinya, tana tambayata ko a wannan kujerar kakanta yake ɗora ni.