Darasin kalangu

Ana fita tara yau sai ga mahaifin wata ɗalibata ya ajiye babur ƙarƙashin dogon yaro, ya ce shi fa bai yarda 'yarsa ta taɓa kalangu a darasin al'adu ba. Har na buɗe baki zan ce abin yana cikin manhajar ƙaramar sakandare, ba ni na ƙirƙiro shi ba, sai ya riga ni: "Malam, ba rigima ta kawo ni ba. Malamaina sun karantar da ni kiɗa haramun ne, kuma gobe kiyama ni za a tambaya, ba kai ba." Bakina ya mutu. A Gusau, inda aka ƙaddamar da shari'a tun 1999, wannan ba sabon zance ba ne.

Muka daidaita za ta tsara baitoci ta rera babu kiɗa, irin na Islamiyya, in ba ta maki. Ya yi godiya ya tafi. Ita kuwa yarinyar duk tana tsaye bayansa, kai a sunkuye, tana murza bakin hijabinta. Sai da na iso gida na tuna daga ni har shi babu wanda ya tambaye ta.