Jinin da na yi shekara biyu ina tofarwa

Abin ya faro ne da ɗan ja-ja a bakin asuwaki. In na tsuguna alwalar asuba a gidanmu da ke Tudun Wada, na goge baki na tofar, sai in ga yawun ya gauraya da jini. Na ce asuwakin ne ya yi tauri, na sake wani, jinin bai tsaya ba. Sai na daina taɓa wurin gaba ɗaya, wai kada in fama. Haƙoran gaba na ƙasa da matauna na hagu, inda jinin ya fi fita, na riƙa tsallake su. Haka na yi kusan shekara biyu hankalina kwance, saboda ko kaɗan ba na jin zafi.

Ni tela ne a Sabon Gari. Goro ba ya rabuwa da bakina, shayi mai sukari safe da yamma, in nama ya maƙale kuma in karyo tsinken tsintsiya in yi sakace. Da warin baki ya fara, azumi ya rufa mini asiri. Sai wata biyu bayan ƙaramar sallah, uwargida ta jira yara suka yi barci ta ce, "Malam, don Allah kada ranka ya ɓaci. Warin nan ba na azumi ba ne, kuma jiya na ga jini a matashinka." Har yau ina gode mata, don na san nauyin da maganar ta yi mata.

Na je kemis aka ba ni kafso da ruwan kuskure baki, na haɗa da kanumfari da ruwan gishiri. Kumburin ya sauka mako biyu ya dawo. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da na gatsa rake na ji haƙori ɗaya ya motsa.

A asibitin haƙori, likitar ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar tef ɗin awona, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi tana faɗa wa ma'aikaciyarta lamba. Ta ce a lafiyayyen baki zurfin wurin ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Nawa wasu wuraren sun kai 5, wani ma 7. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya zaizaye.

Ta zauna ta yi mini bayani. Akwai wani farin datti mai yauƙi da ke taruwa kullum a gindin haƙori, cike yake da ƙwayoyin cuta. In ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kamar dutse, wanda buroshi ko asuwaki ba sa iya ɓamɓare shi. Daga nan dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya fara jini. A wannan mataki, in aka wanke aka ci gaba da gogewa, dasashin yana warkewa sarai. In aka bar shi, cutar ta nutsa ƙasa ta fara cin ƙashi, dasashi ya ja baya, haƙori ya yi tsawo ya fara girgiɗa, wani lokacin har ruwa ya taru ya yi mugunya. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa, sai dai a tsayar da ɓarnar. "Malam," in ji ta, "wurin da ka ga jini ka guje masa, shi ya fi ko'ina buƙatar gogewa." Kafson da na sha ba zai yi komai ba muddin dutsen na nan.

Ta tambaye ni ko ina shan taba, na ce a'a. Ta ce taba tana tsananta cutar, tana kuma ɓoye jinin har mutum ya zaci lafiya yake. Sannan ta tambayi ciwon suga. Mahaifina da shi ya rasu, amma ni ban taɓa gwaji ba. Aka gwada, ga shi ya hau. Ashe suga yana raunana dasashi, ciwon dasashi kuma yana sa sugan ya yi wuyar sauka.

Na so in ƙi wankin haƙorin, don a shago an sha faɗa mini wai yana buɗe giɓi ya sassauta haƙora. Na gani da idona cewa da ma can giɓin yana nan, dutsen ne da kumburi suka cike shi. Zama biyu aka yi, da allurar kashe zafi, ana kankarewa har ƙarƙashin dasashi. Na yi kamar mako biyu ruwan randa na tsirga mini. Haƙorin nan da ya motsa bai tsira ba, an cire shi. An ba ni wani ruwan kuskure baki na mako biyu kacal, domin in aka daɗe a kansa yana rina haƙora.

Yanzu sau biyu nake gogewa, da safe da kafin barci, minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki, ina karkata shi wajen gindin haƙori. Tsakankanin haƙora kuma da zare na musamman. Asuwakina yana nan a aljihu don sallah, likitar ba ta hana ni ba, ta dai ce ba ya isa lunguna. Kwanakin farko jini ya yi ta zuwa, na daure, kafin mako biyu ya ɗauke.

Duk wata uku nake komawa a duba, ga kuma maganin suga. Watan jiya ƙanwata mai juna biyu ta ce dasashinta na jini, an ce mata ai ciki ne, zai wuce in ta haihu. Gaskiya ne ciki yana sa dasashi saurin kumbura, amma dattin ne tushe. Ranar Talata na rufe shago na kai ta da kaina.